Shin Ana Iya Gindaya Wa Mai Karɓar Zakka Sharaɗi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa mukan ji mai hali yana ƙorafi, wai ya ba talaka zakka don ya sayi hatsi, sai ga shi ya ɗinka wa 'ya'yansa kayan Salla. Wannan muhawara ba a nan kaɗai take ba. A Amurka, tallafin abinci da aka kafa wa doka a 1964 ba a sayen giya ko taba da shi, a 2025 kuma aka yarje wa wasu jihohi su hana sayen lemon kwalba da shi. To, mene ne hukuncin Shari'a?

Mu fara da aya ta 60 a Suratut Tauba, wadda ta lissafa mutum takwas masu cin zakka. Malaman tafsiri, irin su Zamakhshari da Razi, sun lura cewa huɗun farko, watau faƙiri da miskini da ma'aikacin zakka da wanda ake lallashin zuciyarsa, an ambace su da harafin "li" mai nuna mallaka. Huɗun ƙarshe kuwa, watau 'yanta bayi da mai bashi da tafarkin Allah da matafiyi, sun zo da harafin "fi", domin an ba su ne saboda wata buƙata ayyananna. Shi ya sa a Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda ya karɓa don fita yaƙi sannan ya zauna gida, ana karɓewa daga gare shi. Amma abin da ya shiga hannun faƙiri ya zama nasa.

Hadisin Barira, wadda Nana A'isha ta 'yanta, ya ƙarfafa wannan. An ba ta sadakar nama, ta kai gidan Manzon Allah (SAW), wanda sadaka ba ta halatta gare shi ba. Sai ya bayyana cewa naman a wurinta sadaka ne, a wurinsu kuwa kyauta. Ashe ke nan talaka yana da ikon yin kyauta ma da abin da aka ba shi. Haka kuma an hana Sayyidina Umar sayen dokin da ya riga ya bayar saboda Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito duka biyun.

Sai dai akwai iyaka a wurare biyu. Na ɗaya, malaman Malikiyya sun ce ba a ba mutum zakka in an yi zaton saɓon Allah zai yi da ita, kamar caca ko shaye-shaye. Na biyu, aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana damƙa dukiya ga safihi, watau mai almubazzarancin da bai san darajar kuɗi ba, amma ta yi umurni a ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Mu lura, wannan hukunci bai keɓanta ga talaka ba. Ɗan attajiri ma yana hawa kansa. Talauci dabam, wauta dabam.

Saboda haka, ya kai mai fitar da zakka, bincikenka kafin bayarwa yake. In ka san magidanci mashayi ne, nemi hanyar da taimakon zai isa ga iyalinsa. In kuwa mutumin kirki ne, miƙa masa ka kau da kai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nasiha halas ce, amma bin diddigi da gori suna ɓata sadaka, kamar yadda aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu. Zakka haƙƙinsa ce da Allah Ya ajiye a hannunka.

Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.