Ciniki da Riba a Kamfanin Na'urorin Sarrafa Masana'antu: Darasi Daga Rockwell Automation

Gabatarwa

A kowace shekara, kamfanonin da ake sayar da hannun jarinsu a kasuwa sukan fitar da rahoton yadda harkokinsu suka gudana. Abin da jaridu suka fi ɗauka daga irin wannan rahoto shi ne jimillar ciniki, ko ta hau ko ta sauka. Sai dai babban kamfani tamkar gidan gandu ne mai sassa da yawa, kowane sashe da tukunyarsa, kuma wanda ya hangi hayaƙi daga waje ba zai san tukunyar wa ke tafasa ba. Wannan maƙala za ta duba kamfanin Rockwell Automation na ƙasar Amurka a shekarun 2023 da 2024, domin nuna yadda ake karanta rahoton kamfani sashe-sashe, da abin da irin wannan karatu yake bayyanawa wanda jimilla take ɓoyewa.

Aikin Kamfanin da Asalinsa

Sarrafa masana'anta da na'ura shi ne a sa injuna su gudanar da aiki bi da bi ba tare da mutum ya riƙa kunnawa da kashewa da hannu ba. Alal misali, a masana'antar lemon kwalba, wata na'ura ce take gane cewa kwalba ta iso, ta aika da saƙo ga wata ƙaramar kwamfuta mai jure zafi da ƙura wadda ake kira PLC. Ita kuma PLC ta ba da umarnin a tsayar da bel, a buɗe famfo na ɗan lokaci, a rufe, a tura kwalbar gaba. An fara amfani da irin wannan kwamfuta ne a masana'antun ƙera motoci na Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda ta maye gurbin ɗaruruwan makunnai masu maganaɗisu da ake haɗawa da waya.

Kamfanin Rockwell Automation, wanda hedkwatarsa ke birnin Milwaukee a jihar Wisconsin, yana cikin manyan masu ƙera waɗannan kayayyaki. Asalinsa wani ƙaramin kamfani ne da Lynde Bradley da Dakta Stanton Allen suka kafa a shekarar 1903 da jarin dala 1,000, wanda daga baya aka san shi da suna Allen-Bradley. A shekarar 1985 kamfanin Rockwell International ya saye shi a kan dala biliyan 1.65. Bayan da aka ware sashen na'urorin jiragen sama a shekarar 2001, abin da ya rage shi ne ya ɗauki sunan Rockwell Automation. Shekarar kuɗin kamfanin tana farawa ranar 1 ga Oktoba ta ƙare ranar 30 ga Satumba, saboda haka duk shekarun ciniki da za a ambata a nan na wannan lissafi ne.

Sassan Kamfanin Guda Uku

Ƙa'idar lissafin kuɗi da Amurka ta fitar a shekarar 1997 ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su bayyana cinikin kowane sashe da ribarsa, daidai da yadda shugabanninsu suke duba su a cikin gida. Daga shekarar 2021 kamfanin Rockwell ya kasa kansa gida uku.

Na farko shi ne sashen na'urori. Shi ne yake ƙera kayan da ake gani a jikin inji, kamar masu daidaita gudun injunan lantarki, da masu gane motsi ko kusantowar abu, da na'urorin kariya waɗanda suke tsayar da inji idan hannun ma'aikaci ya shiga inda bai kamata ba.

Na biyu shi ne sashen manhaja da sarrafawa. A nan ne ake yin kwamfutocin PLC masu tambarin Logix, da manhajar da injiniyoyi suke tsara su da ita, da allunan da ma'aikata suke kallon aikin injuna a kansu. Kamfanin manhaja na Plex, wanda aka saya a shekarar 2021 a kan dala biliyan 2.22, a wannan sashe yake.

Na uku shi ne sashen hidimomi. Hajarsa ita ce ƙwarewar mutane: injiniyoyin da suke tsara aiki, su harhaɗa shi a masana'antar mai saye, su kula da shi, su gyara idan ya lalace.

Shekarar 2023: Ba Girin-girin Ba

A shekarar 2023 kamfanin ya yi cinikin dala miliyan 9,058, ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari a kan na shekarar 2022. Sashen na'urori ya kawo miliyan 4,098, sashen manhaja da sarrafawa ya kawo miliyan 2,886, sashen hidimomi kuma miliyan 2,074.

Domin a kwatanta sassan, sai a nemo kason riba, wato a raba ribar aikin sashe da cinikinsa, a ninka da ɗari. Ribar aiki ita ce abin da ya saura bayan an cire kuɗin kayan ƙira da albashi da sauran ɗawainiyar sashen, kafin a cire haraji da kuɗin ruwan bashi. Sashen na'urori ya ci ribar miliyan 828, wato kashi 20.2 cikin ɗari. Sashen manhaja da sarrafawa ya ci miliyan 953, wato kashi 33. Sashen hidimomi ya ci miliyan 148, wato kashi 7.2 kacal.

Mai karatu zai lura cewa sashen da ya kawo ƙasa da sulusin ciniki shi ne ya kawo kusan rabin riba, alhali sashen hidimomi, wanda ya kawo kusan rubu'in ciniki, bai kai ko da kashi 8 cikin ɗari na ribar ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dalilin wannan bambanci yana cikin yanayin hajar kowane sashe. Manhaja tana cin kuɗi mai yawa wajen rubuta ta, amma da zarar an gama, sayar da ita ga mutum na dubu ba ya buƙatar wani sabon kashe kuɗi mai yawa. Bugu da ƙari, masana'antar da ta horar da injiniyoyinta a kan tsarin Logix, ta kuma rubuta dubban umarni da shi, ba ta sauya shi cikin sauƙi, domin tsayar da aiki na kwana ɗaya ma hasara ce babba. Wannan ya ba kamfanin damar riƙe farashinsa. Shi kuwa sashen hidimomi, kowane sabon aiki yana buƙatar ƙarin awoyin injiniya da kuɗin tafiya, saboda haka ɗawainiyarsa tana hawa kafaɗa da kafaɗa da cinikinsa.

Shekarar 2024: Reshe Ya Juye

A shekarar 2024 jimillar ciniki ta sauka zuwa dala miliyan 8,264, raguwar kusan kashi 9 cikin ɗari. Gundarin riba, bayan haraji da komai, ya faɗo daga miliyan 1,387 zuwa kimanin miliyan 953. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa kasuwa ce ta yi sanyi ga kamfanin baki ɗaya. Alƙaluman sassa sun nuna wani abu dabam. Cinikin sashen na'urori ya ragu da kashi 7 zuwa miliyan 3,804. Na manhaja da sarrafawa ya zube da kashi 24 zuwa miliyan 2,187. Na hidimomi kuwa ƙaruwa ya yi da kusan kashi 10, ya kai miliyan 2,273, har ya wuce na manhaja.

Tushen wannan al'amari yana komawa ga shekarun 2021 da 2022, lokacin da duniya ta yi fama da ƙarancin 'yan ƙananan ƙwayoyin silikon waɗanda su ne ƙwaƙwalwar kowace na'urar lantarki, a sakamakon rikicewar sufuri da masana'antu bayan annobar korona. Kayan da a da ake samu cikin makonni sai suka koma ɗaukar watanni. Galibin hajar Rockwell ta hannun dillalai take isa ga masu saye, kuma dillalan da masu ƙera injuna, don gudun kada su rasa, suka riƙa yin oda fiye da buƙatarsu. Da ƙwayoyin silikon suka wadata a shekarar 2023, kamfanin ya sauke odar da ta taru, cinikinsa ya yi tashin gwauron zabo. Amma kaya masu yawa a sito suka tsaya, ba su kai ga masana'antu ba. A shekarar 2024 dillalai suka rage sabuwar oda har sai sun sayar da abin da ke hannunsu. Ke nan, wani ɓangare na cinikin 2023 aro ne daga na 2024.

Har ila yau, akwai darasi a yadda ribar ta motsa. Cinikin sashen manhaja da sarrafawa ya ragu da miliyan 699, ribarsa kuma ta ragu da miliyan 423, ta koma miliyan 530, wato kashi 24.2. Ma'ana, a kowace dala guda ta cinikin da aka rasa, an rasa kimanin santi 60 na riba. Abin da ya sa sashen ya yi maiƙo a shekarar yalwa shi ne ya sa ya ji jiki a shekarar ƙunci, domin albashin masu bincike da marubuta manhaja ba ya raguwa don ciniki ya ragu. A ɗaya gefen, ribar sashen hidimomi ta tashi daga miliyan 148 zuwa miliyan 365, wato kashi 16.1, kuma ita ce ta rage wa kamfanin raɗaɗi. Kwangilolin wannan sashe na dogon lokaci ne, kuma ba a jibge aikin injiniya a sito. Duk da haka ya kamata a yi hattara, domin daga cikin dalilan da kamfanin ya bayar na wannan hauhawa akwai raguwar ladan ƙwazo da ake biyan ma'aikata, wanda yakan dawo idan shekara ta yi kyau.

Waɗannan alƙaluma sun taɓa rayuwar mutane. Kamfanin ya shiga tsuke bakin aljihu, kuma yawan ma'aikatansa ya ragu daga kimanin 29,000 a ƙarshen shekarar 2023 zuwa kimanin 27,000 a ƙarshen 2024. A shekarar 2025 ciniki ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin ɗari kawai.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ɗalibin da ya sami rahoton kamfani a hannunsa zai iya bin matakai huɗu. Ya fara duba abin da kowane sashe yake sayarwa da wanda yake saye. Sa'an nan ya lissafa kason ribar kowane sashe da kansa. Na uku, ya kwatanta aƙalla shekaru uku a jere, domin shekara guda tana iya zama ta cika sito ko ta kwashe shi. Na huɗu, ya tambaya wane kashe kuɗi ne yake bin ciniki, wane ne kuma yake tsaye ko an sayar ko ba a sayar ba. Wannan hanya tana aiki a kan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya, domin su ma ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa ta wajabta musu bayyana sassansu. Kamfanin simintin Dangote, alal misali, yakan ware cinikinsa na Nijeriya daga na sauran ƙasashen Afirka, kuma mai sha'awa zai iya gwada waɗannan matakai huɗu a kan rahotonsa.