Wasiƙar Nasiha ga Ɗalibai Masu Koyar da Yara Kyauta a Birtaniya

Zuwa ga 'ya'ya da ƙanne da ke karatu a jami'o'in Birtaniya.

Wannan wasiƙa ta shafi ɗaliban da ke ba da lokacinsu kyauta a ajujuwan yamma, wato zaman da ake shirya wa yara a ɗakunan karatu na unguwa, masallatai da cibiyoyin al'umma bayan an tashi daga makaranta da misalin ƙarfe 3, domin a taimaka musu da aikin gida kafin iyayensu su taso daga aiki. A Landan, Birmingham da Manchester, da yawa daga cikin yaran 'ya'yan baƙi ne da 'yan gudun hijira, waɗanda iyayensu ba su da Turancin duba littafin ɗansu. Ɗalibin da ya taso a ƙasar Hausa ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin shi ma da harshen da ba na gidansu ba ya yi boko, saboda haka idan ya ga yarinya ta sunkuyar da kai tana juya fensir, zai gane cewa lissafin ta iya shi, tambayar ce ba ta shige ta ba.

Sai dai a gida ana cewa ɗa na kowa ne, alhali a can amanar yaro rubuce take cikin doka. Kafin a bar mutum ya riƙa zama da yara, hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, takan binciki tarihinsa don tabbatar da cewa ba a haramta masa aiki da yara ba, kuma ba ta karɓar kuɗi daga 'yan sa-kai. Kada ɗalibi ya ɗauki binciken a matsayin zargi, domin an tsaurara shi ne bayan da wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu a garin Soham a 2002. Daga nan ƙa'idojin suka samo ƙarfinsu: ba a keɓewa da yaro a ɗaki rufe, ba a ɗaukar hotonsa a sa a Facebook, ba a karɓar lambar wayarsa, kuma idan ya faɗi wata cutarwa da ake yi masa, ba a yi masa alkawarin rufa asiri, sai a sanar da jami'in kare yara na wurin nan take. Bulala kuwa, majalisar dokoki ta hana ta a makarantun gwamnati tun 1986, kuma wanda ya ɗaga hannu, ko da niyyar tarbiyya ce, yana iya asarar karatunsa.

Haka nan bizar ɗalibin digiri awa 20 kawai ta yarje masa ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu, kuma wani aikin da ba a biya ana lissafa shi ciki, don haka ya fara tuntuɓar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa.

Abin da ya fi nauyi shi ne cika alkawari. Ɗalibai da dama kan fara da zafi a watan Oktoba, amma da sanyi ya kankama, duhu na shiga tun ƙarfe 4, ko jarrabawar Mayu ta matso, sai a neme su a rasa ba sallama. Yaron da ya bar ƙasarsu ya riga ya rabu da mutane da yawa, kuma idan ya saba da mai koya masa karatu duk ranar Talata, ɓacewar mutumin takan koya masa cewa manya ba abin dogaro ba ne, wanda ya fi rashin iya jimla illa. Wanda ya shiga don ya samu abin rubutawa a takardar neman aiki, gara ya nemi wani wurin.

Saboda haka ɗalibi ya auna lokacinsa tun kafin ya ba da sunansa, ya ɗauki awa ɗaya da zai iya riƙewa har ƙarshen shekara, kuma idan tafiya gida ta zo, ya yi wa yaran sallama da bakinsa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Wassalam.