Ciwon Haƙarƙari

Sau da yawa mu kan ji mutum ya ce, "Haƙarƙarina yana suka." Wani ya kan sha jiƙo, wani ya kira wanzami ya kafa masa ƙaho, wani kuwa ya ɗaure ƙirjinsa da rawani ya kwanta. Amma ciwon haƙarƙari iri iri ne. Akwai wanda hutawa kaɗai ta ke warkarwa, akwai kuma wanda ya kan kashe mutum cikin 'yan kwanaki idan an yi sakaci. A cikin wannan darasi za mu koyi yadda a ke bambanta su.

Yadda aka gina haƙarƙari

Mutum yana da ƙasusuwan haƙarƙari 24, wato 12 a dama, 12 a hagu. Waɗansu suna tsammani na namiji bai kai na mace ba, saboda labarin Adamu da Hawwa'u cikin Littafin Farawa. Amma in an ƙirga, na namiji da na mace daidai su ke. Dukansu suna haɗe da ƙashin baya. A kowane gefe, bakwai na sama sun kewayo sun kama ƙashin ƙirji da guringuntsi, uku na biye sun kama guringuntsin na samansu, biyu na ƙasa kuwa ba su kama kome a gaba ba.

Ƙasusuwan nan suna kama da akurki. A ciki akwai huhu da zuciya. Ƙarƙashin na dama akwai hanta da matsarmama, ƙarƙashin na hagu akwai saifa, ƙoda biyu kuwa suna can wajen baya. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai tsoka mai buɗe ƙirji da rufe shi kamar zugazugin maƙeri. Saboda haka in haƙarƙari ya yi ciwo, sai mu tambaya: akurkin ne ya ji rauni, ko kuwa abin da ke ciki ne ba lafiya?

Ciwon da ke a jikin akurkin

1. Buguwa ko karaya. Faɗuwa daga itace ko babur, harbin jaki, da tunkuyin sa, duka su kan tsaga ƙashi ko su karya shi. Ga tsoho, tari mai ƙarfi ma ya isa. Ƙashin ya kan haɗe da kansa cikin wajen mako 6.

2. Gurɗewar tsoka. Wannan ta kan zo bayan faskare, ko daka, ko ɗaukar buhu.

3. Kumburin guringuntsi, a daidai inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji. Ya kan daɗe, amma ya kan wuce.

4. Ƙuraje masu ruwa da su kan fito a jere, a gefe ɗaya kaɗai. Zafi kamar wuta ya kan riga su zuwa da 'yan kwanaki. Ƙwayar ƙarambau ce, wadda ta kwanta cikin jijiya tun ƙuruciya, ta farka. Maganinta ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen.

Alamar yawancin waɗannan ita ce, mai ciwon yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, in an danna kuwa ko ya juya jiki, zafin ya ƙaru.

Ciwon da ke fitowa daga ciki

1. Ciwon huhu. Shi ne mutanen da su ke kira ciwon haƙarƙari. Yana zuwa da zazzaɓi, da tari, da suka in an ja numfashi. Ga yara ƙanana, a ƙirga numfashi na minti ɗaya sa'ad da yaron ya ke kwance shiru. In ɗan wata 2 zuwa wata 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar.

2. Tarin fuka. Tari na mako 2 ko fiye, da rama, da gumi da dare, wani lokaci da jini cikin majina. A kai majinar a gwada. Ana warkewa sarai, amma sai an sha maganin wata 6 cif, ko da mutum ya ji sauƙi tun a wata na biyu.

3. Zuciya. Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an aza dutse, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da haki. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

4. Hanta, matsarmama, saifa da ƙoda. Ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin abu mai maiƙo, ko tare da shawara, yana nuna matsarmama ko hanta. Yawan zazzaɓin cizon sauro ya kan kumbura saifa, saifa mai kumburi kuwa tana da saurin fashewa in an bugu. Ciwo a wajen baya da zazzaɓi da zafin fitsari yana nuna ƙoda.

Akwai mutum biyu da ya kamata a lura da su ƙwarai. Mai amosanin jini, wato sikila, in ƙirjinsa ya yi ciwo tare da zazzaɓi ko haki, a kai shi nan da nan. Mace mai tsohon ciki kuma ta kan ji haƙarƙari yana ciwo domin ɗan yana tokare shi, wannan ba kome. Amma in ciwon ya tsananta ƙarƙashin na dama, ga ciwon kai, ga kumburin fuska, ido kuma yana gani dishi-dishi, jininta ne ya hau, ranta da na ɗan suna cikin hatsari.

Abin da za a yi a gida

In buguwa ce ko gurɗewa, numfashi kuwa lafiya lau, ga abin yi:

A kwana 2 na fari a ɗora tsumma mai ruwan sanyi a wurin, minti 15 ko 20, sau da yawa a yini. Bayan haka ruwan ɗumi ya kan sa tsoka ta saki.

Babba ya sha farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2, bayan kowace awa 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, su guji ibuprofen.

Kada a ɗaure ƙirji. A da har likitoci suna naɗe shi da bandeji, amma an bar wannan, gama ƙirjin da aka ɗaure ba ya buɗewa sosai, majina ta taru a huhu, ciwon huhu ya biyo baya. Maimakon haka, kowace awa mai ciwon ya ja numfashi mai zurfi sau 10 a hankali. In tari ya zo kada ya haɗiye shi, ya rungumi matashi a wurin ciwon ya yi tarinsa.

Ya kwanta a jingine, ya riƙa tashi yana takawa kaɗan kaɗan. Ya bar ɗaukar kaya mai nauyi da shan taba. Kada a yi tsaga ko sakiya, gama suna ƙara miki a kan ciwo.

Lokacin barin gida

In numfashi ya yi wuya, ko jini ya fito cikin tari, ko zazzaɓi ya shigo, ko ciki ya kumbura bayan buguwa, ko mutum yana jiri kamar zai suma, maganin gida ya ƙare ke nan. Haka kuma in an yi mako 2 ko 3 ba sauƙi. Mai ciwo sau da yawa ya kan ce, "Bari mu gani zuwa gobe." Aikin maƙwabci ne da 'yan'uwa su ce a'a, su nemi abin hawa, su raka shi.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwan haƙarƙari nawa mutum ya ke da su, me kuma su ke tsarewa?
2. Don me ba a ɗaure ƙirjin wanda haƙarƙarinsa ya karye?
3. Numfashi nawa a minti ɗaya ke nuna ciwon huhu ga ɗan shekara 3?
4. Faɗi alamu huɗu da za su sa ka kai maƙwabcinka asibiti ko da tsakar dare ne.