Rana da Wata da Lokacin Shuka

Manomi a Yelwa ta Jalingo, kamar takwaransa na Katsina ko Sakkwato, lissafi biyu gare shi. Da wata yake sanin azumi da salla, amma zuwan damina yana bin rana ne. Wanda ya gama lissafin nan biyu, ya ce tun da bara ya yi shuka a watan kaza bana ma haka zai yi, wata shekara zai yi asarar irinsa. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke kawo damina da rani.

Rana da duniya

Rana tauraruwa ce, duniyoyi 8 ne ke kewaya ta, tamu ita ce ta uku. Zara, wadda ake kira matar wata, ita ce ta biyu. Duniyarmu tana juyawa sau ɗaya cikin sa'a 24, shi ke kawo dare da rana. Tana kuma kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i, watau shekara guda.

Waɗansu suna tsammani zafi yana zuwa ne idan duniya ta kusanci rana. Alhali kuwa a farkon Janairu ne ta fi kusa da ita, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da ake jin ɗumi a Jalingo saboda hunturu. A farkon Yuli take nisa, kilomita miliyan 152.

Ainihin dalili shi ne duniya a karkace take tafiya, da kimanin digiri 23 da rabi. Saboda wannan karkata, daga Maris zuwa Satumba rana tana tsayawa a kan ƙasashen da ke arewa da tsakiyar duniya, sauran watannin kuwa sai ta koma kudu. Idan ta tsaya a kanmu ƙasa ta yi zafi, iska mai zafi ta tashi sama, sai iska mai laima ta taso daga tekun Atlantika ta maye gurbinta. Ita ce ke ɗauko hadari. Da yake daga kudu take tasowa, takan iso Jalingo wajen Afrilu ko Mayu, ba ta kai Sakkwato sosai sai wajen Yuni. Idan rana ta koma kudu, sai busasshiyar iskar Sahara ta sauko da ƙura, watau hunturu.

Gwajin da kowa zai iya yi

A kafa sanda a miƙe a tsakar gida ko filin makaranta, a riƙa duban inuwarta jim kaɗan bayan ƙarfe sha biyun rana. A Jalingo, cikin Disamba inuwar arewa take faɗuwa, cikin Yuni kuwa kudu. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, inuwar takan ɓace a gindin sandar, domin rana tana bisa kai sosai. Malaman makaranta za su kyauta idan suka nuna wa yara wannan.

Shekarar wata

Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 ne da rabi. Wata 12 ke nan kwana 354, ya gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Shi ya sa watannin Musulunci suke zagaya damina da rani, sai bayan shekara 33 su komo inda suka faro. A 2000 an yi yawancin azumi cikin ɗarin Disamba, a 2013 cikin ruwan Yuli, a 2024 kuwa cikin zafin Maris da Afrilu.

Wata da ruwa

Wata yana da nasa aikin a kan ruwa. Daga nisan kilomita 384,000 yana jan ruwan teku, har a gaɓar Legas da Fatakwal da Kalaba ruwa yakan cika ya janye sau biyu a yini. Cikar takan fi yawa a lokacin sabon wata da daren sha huɗu, sa'ad da rana da wata suke ja a layi ɗaya. Amma cikar Binuwai da kogin Lamurde ba ta da alaƙa da wata. Ruwan sama ne ke kawo ta, wani lokaci har da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022.

Abin da ake so jama'a su riƙe

A bar wa wata lissafin ibada, a yi lissafin gona da kalandar rana. Ruwan farko ba kullum yake zama damina ba, sai ƙasa ta jiƙa sosai sa'an nan a yi shuka. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. A saurare shi a rediyo, a kuma tuntuɓi malamin gona kafin a taɓa iri. Masu noma da zama a bakin kogi su kula da gargaɗin ambaliya, musamman cikin Agusta da Satumba.