Katin Gaisuwa Mai Ban Dariya

Katin gaisuwa wata 'yar takarda ce mai kauri, da zane a gaba da saƙo a ciki, wadda akan aika wa masoyi ran Sallah, ko suna, ko lokacin jarrabawa. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa a Landan aka yi shi, cikin 1843. Wani mutum wai shi Henry Cole ya sa John Horsley ya zana masa, aka buga guda 1,000, kowane sule ɗaya. Shi ma bai tsira daga surutu ba, don an zana har da yaro ana kurɓa masa giya.

Yanzu kuwa ba sai kamfani ba. Yaro mai basira yakan zauna da wayarsa ya zana da Canva ko PixelLab, ya tura ta WhatsApp.

To, me ke sa kati ya ba da dariya? Alal misali, a zana ragon layya a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya harɗe bisa kujera, yana tambayar mai saye, "Malam, nawa ne albashinka?" An juya al'amari ke nan, abin sayarwa shi ke taya mai saye. Kuma duk uban da ya je kara gab da Babbar Sallah ya san inda zancen ya dosa. Maganar kada ta wuce layi ɗaya, sauran aikin na zane ne.

Amma fa, 'yan'uwana, wasa da ƙa'idarsa. Bamangen Gumel ya tsokani Bafulatani, jika ya ce da kakarsa "matata", taubasai su yi ta yi, ba mai fushi. Wannan katin dai in ya faɗa hannun suruki ko malami, ya zama rashin kunya. Ba'ar baki iska ke ɗauke ta, ta kati kuwa tana nan, kafin magariba ta tashi daga Gagarawa ta kai Sule Tankarkar. A ganina kuma bai kamata a sa aya a katin raha ba, don in an buga shi wata rana a ciki za a ƙunshe ƙosai.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne masu yanke sunan mai zane daga gindin kati kafin su tura. Ta wannan ɗan sunan ne masu biki da masu shago ke nemansa su ba shi aiki.