Awon Hayaƙin Motar Kaya

Kowace lita ta man gas da mota ta ƙone tana fitar da iskar kabon wajen kilo 2.7. Iskar nan ce ke ƙara wa duniya zafi, ta rikita wa manomi damina. To, yaya ake gane rabon kowane tan na kaya?

Lissafin ba wuya. A ce babbar mota ta ɗauki riɗi tan 30 daga Kano zuwa Ikko, ta sha lita 400. Kabon kilo 1,080 ke nan, watau kowane tan kilo 36. Amma in tan 15 kaɗai aka ɗora, man ba ya raguwa da rabi, gama motar kanta da nauyinta. Ko lita 300 ta sha, kowane tan ya tashi kilo 54. In ta komo ba kaya, tilas a haɗa da man komowa. Nan akawu ya kan yi kure.

Jirgin ƙasa kuwa, hayaƙinsa a kan kowane tan bai kai rabin na mota ba. Inda ba jirgi, fatake biyu su haɗa kaya su cika mota ɗaya, su nemo mata taki na komowa.