Kututturen da Zai Sake Toho

Karatu: Ayuba 14:7-9, Farawa 2:15

Aikin farko da Allah ya danƙa wa Adamu shi ne kula da gona. Har yau amanar tana wuyanmu.

Dubi ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Gatarin masu gawayi ya cinye ɗorawa da kaɗanya da yawa. Inda itace ya ƙare, ruwan sama yakan kwashe ƙasa, amfanin gona ya ragu. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince dajin Kogo ya zama gandun daji na ƙasa, amma doka ita kaɗai ba ta tsiro da ganye.

Ayuba ya lura cewa itacen da aka sare bai mutu ba, muddin saiwarsa na nan. A yankin Maraɗi, tun 1983, wani ɗan mishan, Tony Rinaudo, ya ga haka. Ya koya wa manoma su daina tone kututture, su zaɓi rassa masu ƙarfi, su yanke sauran. Gonakin da suka zama fako suka sake samun inuwa.

Kai ma, ko an sare ka, Allah bai gama da kai ba. Amma wanda ya sami jinƙai, ya nuna shi ga halitta.

Aiki: Lokacin sharar gona bana, ka bar kututture biyar su tashi.

Addu'a: Uba, ka gafarta mana ɓarna, ka warkar da ƙasarmu, cikin sunan Yesu. Amin.